Katsinar da Ke Cikin Littafin Sallama

Duk wanda ya shiga rumbun sunayen da Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila ta ajiye a intanet, ya rubuta kalmar Katsina a gurbin suna, zai ga mutane sun yi layi a gabansa: sunan yanka guda, sai sunan gari, sai lambar soja, sai ranar rasuwa. Haka zai gani in ya rubuta Kano ko Sakkwato ko Zariya. Mafi yawansu babu sunan uba, balle na kaka. Akawun da ke ɗaukar sababbin sojoji a zamanin Turawa tambaya biyu ce ta dame shi, sunan mutum da inda ya fito, kuma amsar ta biyun ita ke maye gurbin sunan mahaifi a takarda har abada. Makarantun boko na farko ma haka suka yi, shi ya sa tarihin siyasar Arewa ya cika da su Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari. Sai dai waɗannan an san gidajensu. Wanda ya kai kansa bariki a 1942, ba takardar haihuwa, ba mai shaidarsa, abin da bakinsa ya faɗa a ranar shi ne asalinsa.

Wata lauya 'yar Malumfashi da ke aiki a Kaduna ta shafe kusan shekara biyu tana bin sawun irin wannan suna. Kakanta na wajen uba ya rasu tana 'yar shekara shida, kuma ko a lokacin ba kowa ne a unguwar ya san sunansa na yanka ba, domin Ɗan Boma ake ce masa, kamar yadda ake ce wa takwarorinsa a garuruwa da yawa. Boma ita ce Bama a bakin tsofaffi, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Abin da ya bari bai cika adaka ba: littafin sallama daga soja wanda gefensa ya cinye, lambobin yabo uku, wani ƙyalle mai zane da aka ɓalle daga kafaɗar riga, da hoto guda. A littafin an rubuta sunansa, an bi shi da Katsina. Iyalin sun rayu shekara da shekaru a kan wannan kalma ba tare da kowa ya tambayi wace unguwa ce a Katsinar, ko wane gida, ko me ya sa ba a taɓa zuwa gaisuwar mutuwa can ba.

Tambayar ta taso ne a bakin gona. Ana cikin sasanta iyaka da wani maƙwabci bayan rabon gado, sai ya jefa maganar cewa 'ya'yan baƙo ba za su nuna masa inda kakanninsa suka kafa aduwa ba. An sasanta iyakar, amma kalmar ta bi lauyar har Kaduna.

Abin dariyar shi ne a wannan yanki kusan kowa ɗan baƙo ne, bambancin shekarar zuwa ce kawai. Akwai tsofaffin mazauna, ba shakka: Maska tsohon gari ne da ya yi suna da saƙa da rini tun kafin Jihadi, kuma Maguzawan ƙasar Malumfashi da Ƙafur sun riga kowa sanin wannan laka. Amma Funtuwar da aka sani yau ɗiyar auduga ce da layin dogo. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902 don nema wa injinansu auduga, ya sami abin da yake so a jar ƙasar kudancin Katsina, musamman bayan an kawo irin Allen na Amurka. Ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, har yau kuma sunansa na nan a kan unguwanni. Aka buɗe gonar iri a Daudawa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Sarkin Maska ma ya bar tsohon garin ya dawo Funtua da zama. Inda kuwa ake auna auduga ana biya da tsabar kuɗi, can mutane ke nufa. Suka zo daga Daura da Ɓatagarawa da Kaita, daga Kano da Sakkwato, Yarabawa da Nufawa suka biyo jirgi, wasu kuma suka gangaro daga ƙasar da a lokacin ake kira Faransa kawai, wato Nijar.

Na arewan nan ba kwaɗayin kuɗi kaɗai ya koro su ba. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 ta watsa ƙauyuka, ta 'Yar Buhu ta biyo a 1927, ta 'Yar Gusau a 1942. A ɓangaren Faransa kuma akwai ƙarin masifu biyu, aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da kamun soja. Saurayin da Kumandan ke nema, tafiyar kwana biyu ko uku ta isa ta fitar da shi daga hannunsa. Ya zo ci-rani, ya ɗauki buhu a bakin sikeli, damina ta faɗi ya nemi aron gona wurin mai unguwa, shekara ta zagayo ya yi aure. Ba wanda ya tambaye shi fasfo, domin babu wanda ke da shi.

Akwai wata al'umma da ta mayar da irin wannan bincike sana'a, kuma kwatanta halinta da na Bahaushe yana haska abubuwa da dama. Yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, ta kashe mutum wajen miliyan guda, ta kori wasu kamar haka zuwa ƙetare, yawancinsu Amurka. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, haifaffun Ailan kimanin 150,000 suka shiga rundunar Arewa. Jikokin jikokinsu a yau suna neman ƙauyen da kakan ya fito, kuma su ma takarda ta ci amanarsu: gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta tafi da kusan dukkan ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Abin da ke cetonsu sau da yawa shi ne fayil ɗin fansho. Matar sojan da ya mutu, kafin gwamnatin Amurka ta biya ta, sai ta kawo shaidar aure, ta kawo maƙwabtan da za su rantse sun san su tun daga gida, wani lokaci har da wasiƙun da mijin ya aiko daga fagen fama. Rowar baitulmali ce ta tilasta a rubuta tarihin talakan da ba wanda ya yi niyyar rubutawa. Sojan Boma bai sami ko wannan ba. An sallame shi da ɗan kuɗin hannu da littafi guda, aka rufe lissafi. Gwamnatin da ba ta shirya ci gaba da biyan mutum ba, ba ta da dalilin sanin sunan uwarsa.

Don haka lauyar ta fara da abin da ke hannu. Lambobin yabon ba su taimaka sosai ba. Ɗaya tauraro ne mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, wanda ake bai wa duk wanda ya yi yaƙi a Bama, kuma bayansa fayau yake. Ingila ta buga suna da lamba a jikin lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma na biyun ta raba su ba suna, saboda yawan masu karɓa. Gidan da ke riƙe da lambar kakan da ya je Kamaru tsakanin 1914 da 1916 ya fi gidan Ɗan Boma sa'a ta wannan fuska. Littafin sallamar ya fi magana. Lambar sojan ta fara da haruffan NA, alamar rundunar Nijeriya. An ɗauke shi a 1942, an sallame shi a 1946. Ƙyallen kafaɗar kuwa, wanda yaran gidan suka tashi suna ɗauka hoton kambun sarauta ne, masu biyu ne suka gitta ta cikin wani zobe.

Zoben nan gammo ne. Runduna biyu Ingila ta haɗa daga Afirka ta Yamma a 1943 don yaƙar Japan, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, Anansi na tatsuniyoyin Asante, wanda kowane Bahaushe a cikinsu ya gane a matsayin Gizon da ya sani. Tambarin ta 82 shi ne masu biyu da gammo. Ƙyallen nan kaɗai ya isa ya fayyace hanyar da mutumin ya bi: jirgin ruwa zuwa Indiya a 1944, shiga yankin Arakan a ƙarshen wannan shekarar, kama tsohon birnin Myohaung tare da runduna ta 81 a Janairun 1945, sannan gumurzun da ya biyo baya a wuraren da sunayensu suka dawo gida suka hau kan barikoki. Mutum na wuce Barikin Dalet a Kaduna kullum, ko Letmauk a Ibadan, ko Myohaung da An da Tamandu a Legas, ba tare da ya san sunayen garuruwa da kogunan Bama yake karantawa ba. Barikin Chindit da ke Zariya kuma tunawa ne da bataliyoyi uku na Nijeriya da aka sauke ta sama a bayan dagar Japanawa a 1944.

Da wannan a hannu, takardun Landan suna da amfani, amma kada a sa musu rai fiye da ƙima. Ma'ajiyar takardun Ingila da ke Kew tana riƙe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, na fagen Kudu maso Gabashin Asiya a ƙarƙashin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173. A cikinsu hafsan Bature yana da suna in ya ji rauni, sojan Afirka kuwa yawanci adadi ne: mutum kaza sun mutu, mutum kaza sun ɓata. Inda sunan baƙar fata ke fitowa da labarinsa shi ne WO 373, takardun neman a ba wa soja lambar jarunta, kuma waɗannan 'yan ƙalilan ne. Ita kanta hukumar kaburburan ta amsa a rahotonta na Afrilun 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Na yaƙi na biyu sun ɗan fi samun gata. Waɗanda suka mutu a Bama ba a ga gawarsu ba suna cikin sunaye kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon. Wanda ya dawo da ransa, kamar kakan lauyar, ba ya cikin kowane jeri.

A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna kuwa akwai tarkon da ke kama sabon shiga. Wanda ke neman labarin Funtua ko Malumfashi zai nufi fayilolin lardin Katsina kai tsaye, waɗanda ake yi wa laƙabi da KATPROF, alhali lardin Katsina bai samu ba sai a 1934. Kafin 1926 ƙasar tana ƙarƙashin lardin Kano, daga nan zuwa 1934 tana ƙarƙashin na Zariya. Shekarun da layin dogo ya iso, baƙi suka yi ta kwararowa, a fayilolin Zariya ya kamata a fara nemansu. Abin da ke ciki rahotannin Di'o ne kan haraji da jangali da yawan audugar da aka saya, da ƙorafin cewa ƙidayar masu biyan haraji ta wannan gunduma tana hauhawa saboda baƙi. Suna bayyana duniyar da mutum ya shigo, ba su ambaci sunansa ba. Lauyar ta yi sati biyu a can da Gidan Arewa, ta fito da fahimtar zamanin kakanta fiye da yadda ta zata, ba ta kuma ƙaru da harafi ɗaya a kan sunansa ba.

Ma'ajiyar gaskiya tana zaune a ɗakin gwaggonta, babbar 'yar mamacin, wadda ta haura saba'in. Masu binciken tarihin iyali na yawan yin kuskuren fara tambayar maza, saboda su ke riƙe da takardun gona. Mata su ke riƙe da jerin waɗanda suka zo suna, da wanda ya kawo gudummawa, da wanda aka daina gani. Ba a kuma tambayar tsohuwa wace shekara, domin shekarunta ba su da lamba. Ana tambayarta ne ko kafin rasuwar Sarki Dikko ne ko bayanta, wato 1944, ko kafin yunwar Muɗa, ko shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, wato 1956. Da irin wannan ma'auni gwaggon ta jera abubuwa daki-daki. Mahaifinta ya sha faɗa cewa yana yaro ya iso Funtua, shekarar da ake rabon tsaba a buhu, ya tarar ana shimfiɗa ƙarfen jirgi. Wannan ya dace da 1927. Ya sha faɗa cewa Sarkin Katsina da kansa ya je ya gan su a bakin daga, maganar da samarin gidan ke ɗauka cika baki ne irin na tsohon soja. Ashe gaskiya ce: Sarki Usman Nagogo ya ziyarci sojojin Afirka ta Yamma a Indiya da Bama ba da daɗewa ba bayan hawansa gadon sarauta a 1944.

Sauran abubuwan da ta faɗa ba ta ɗauke su shaida ba, halayen uba ne kawai take tunawa. In ransa ya ɓaci da hukuma, Kumandan yake cewa, ba Di'o ba. In yana raina kuɗi, sai ya ce ko tamma ba su kai ba. Ba ya haɗuwa da Banufe a kasuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba, kamar yadda Katsinawa da Nufawa suka gada. Akwai kuma wani dattijo da ke zuwa kowace rani da kanwa da ɗan dabino, ya yi wata biyu a zaure, yara na ce masa Baba na Faransa, har aka daina ganinsa bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Da lauyar ta tambaye ta ko wane ne shi, gwaggon ta dube ta kamar mai mamakin jahilcin 'yan boko.

«Wansa ne mana, 'yar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ai ba wanda ya taɓa tambayata.»

Ta faɗi sunan ƙauyen. Yana ƙasar Maraɗi.

A nan ne maganar ta daina zama ta tarihi ta koma ta gida. Babban baffanta, wanda adakar ke hannunsa, ya kira ta ya zaunar. Bai musa ba, domin ya girmi lokacin da Baba na Faransa ke zuwa. Abin da ya ce shi ne garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yankanta. Yana da 'ya'ya biyu a aikin gwamnatin tarayya da suka shiga da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, yana da jika mai neman shiga makarantar horon hafsoshi, yana da 'yan mata da za a zo neman aurensu a yi binciken asali. A ƙasar da kalmar ɗan Nijar ta zama abin jifa a siyasa, wadda ba ta bar ko shugabannin ƙasa ba, me za a ƙara wa yaran nan da wannan labari in ba nauyi ba?

Tsoron baffan ba na wauta ba ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman takardar asali ya san haka. Amma ta fuskar doka ba shi da tushe, kuma lauyar ta san wannan tun kafin ta zauna. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya kafin samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar, wanda aka haifa bayan nan kuma ya isa in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Kakarsu mace 'yar ƙasar Malumfashi ce gaba da baya. Ta faɗa masa haka cikin ladabi.

«Baba, ko a gaban wane alƙali aka je, ba abin da zai taɓa takardun yaran nan. Ku kwantar da hankalinku.»

Ya ce ba alƙali yake tsoro ba, bakin mutane yake tsoro, kuma bakin mutane ba ya karanta sashe na 25. A wannan kam ya fi ta gaskiya.

Abin da bai sani ba, ita ma sai a Kaduna ta gane shi sosai, shi ne tsohon bai yi wa akawun bariki ƙarya ba. Lokacin da mutanen Shehu ƙarƙashin su Malam Ummarun Dallaje suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi. Zuriyarsa ba ta taɓa sakin sunan ba. Har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, mutanensa kuma Katsinawa suke kiran kansu. Iyakar da ta raba su da 'yan'uwansu yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne na 1898 da 1904 da 1906 suka zana ta, aka kafa turakunta 'yan shekaru kaɗan kafin a haifi wannan mutum. Yaron da ya taso daga ƙauyen Maraɗi ya gangaro Funtua bai bar ƙasar Katsina ba a lissafin iyayensa, daga arewacinta ya koma kudancinta. Da aka tambaye shi ko shi ɗan ina ne ya ce Katsina, amsar da kakansa zai bayar ya bayar. Ko akwai dabara a ciki, ganin cewa a 1942 Nijar na hannun gwamnatin Vichy da ke ɗasawa da Jamus, wannan ba ya rage gaskiyar amsar.

Akwai abu na biyu da littafin sallamar ya tona, wanda, abin mamaki, ya fi yi wa samarin gidan ciwo fiye da na farko. Sun tashi da labarin kakan da ya harbe Japanawa ba adadi. Rukunin da aka rubuta a littafin kuwa na 'yan dako ne, sojojin da aka ɗauka musamman don ɗaukar kaya a ka, waɗanda yawancinsu adda ce makaminsu. Wani daga cikin jikokin ya ce da ma ba a bincika ba.

Wannan raini ya samo asali ne daga rashin sanin yadda aka yi yaƙin. Dalilin da ya sa aka kai rundunonin Afirka ta Yamma Arakan da kwarin Kaladan shi ne tsaunukan wurin da kurminsu ba sa karɓar mota, wasu wuraren ko alfadari ba ya hawa. Jirgin sama ya jefo kaya a fili, daga nan kuwa harsashi da bama-bamai da rediyo da abinci da magani duk a kan mutum suke tafiya, a hau dutse a gangara rafi, cikin zazzaɓin cizon sauro da atini. Su ne ke sare daji a buɗe filin saukar jirgi, su ne ke ɗauko wanda aka harba a kan makara. Harsashin kwanton ɓauna ba ya tambayar wa ke riƙe da bindiga, kuma wanda ba ya riƙe da ita ba shi da abin mayarwa. Janar-janar ɗin da suka zaɓi tambarin runduna ta 82 sun san abin da suke yi da suka sa gammo a tsakiya, masu a gefe. Mutumin da ya koyi ɗaukar buhun auduga a bakin sikelin Funtua yana ɗan shekara goma sha biyu, wannan gwanintar ce Daular Ingila ta buƙata a wurinsa, ta kuma kai shi har gaɓar tekun Bengal saboda ita. John Hamilton, wanda ya yi hafsa a runduna ta 81, ya ba 'yan dakon nan haƙƙinsu a littafinsa War Bush na 2001. Littafin Barnaby Phillips na 2014, Another Man's War, ya bi labarin Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinyar da wani Musulmin ƙauye a Arakan ya ɓoye shi wata tara bayan an harbe shi. Shi Fadoyebo ya iya boko, ya rubuta labarinsa da hannunsa. Dubban Hausawan da suka je tare da shi a zaure suka ba da nasu, ga yaran da hankalinsu ke kan wasa.

Ladan da suka samu bai taka kara ya karya ba. Takardun da wani binciken 'yan jarida ya fito da su a 2019 sun nuna cewa a Gabashin Afirka kuɗin sallamar farar fata mai muƙamin farabiti sule goma ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata sule uku da sisi. A Nijeriya an yi doka a 1945 da ta tilasta wa ma'aikatu ɗaukar tsofaffin sojoji, amma wanda bai iya karatu ba abin da ya samu shi ne gadi, ko masinja, ko ɗan doka na En'e, sai masu sa'ar da suka koyi tuƙi a soja suka kama manyan motocin da ke jigilar auduga da gyaɗa. Kakan lauyar gadi ya yi a injin gurza na 'yan shekaru, ya haɗa da kuɗin sallamarsa ya sayi shanun huɗa biyu, mai gari ya yanka masa daji a bayan Malumfashi ya sare. Gonar da aka yi rigimar iyakarta ke nan.

Tafiya Maraɗi ta jinkirta, domin an rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar. Da hanya ta samu ta bi ta Jibiya, tare da wani ƙanenta da kwafin hoton. A ƙauyen, mai gari ya tara tsofaffi uku a ƙarƙashin bedi. Sun san gidan. Sun san an yi wasu 'yan'uwa biyu da yunwa ta kora kudu, ɗaya ya dawo ya ci gaba da zuwa ci-rani har ƙarfinsa ya ƙare, ɗayan aka ce Ingilishi sun sa shi soja. Aka aika aka kira wani magidanci, jikan wanda ya dawo ɗin. Ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tsagar fuskar irin ta gidansu ce, ya roƙi a bar masa. Suka kwana biyu, aka yanka musu akuyar da ta fi ƙarfin gidan.

Da ta dawo ta je ta gaida baffan, ta ba shi labari tun daga farko, ta ajiye masa lambar wayar magidancin a rubuce. Bai ce komai a kai ba, ya tambaye ta hanya da lafiyar yara. Har yau bai yarda a ambaci Maraɗi a gaban surukai ba, adakar ma ya mayar da ita ƙarƙashin gadonsa. Bayan an yi girbi, direban da ke kai hatsi kasuwar Jibiya ya kira lauyar yana neman kwatance, wai Alhaji ya ba shi buhu biyu na masara da ɗaya na dawa ya ce a miƙa wa wani mutum a tsallaken iyaka, bai kuma haɗa da wani saƙo ba.